Ƙananan Alamomin da ke Jikin Batir da Caja: Me Suke Faɗa Mana?

A Birnin Gwari da ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku, gidaje da yawa sun dogara da sola, da tocila mai caji, da batir don samun haske da cajin waya. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu ke duba alamomin da ke jikin waɗannan kaya, alhali gargaɗi ne gare mu.

Mu fara da haruffa biyu: Pb. Ma'anarsu dalma, kuma mutanen yankinmu sun san ta. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. A 2015 ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu. Irin wannan dalmar ce ke cikin babban batirin sola da na mota. Idan aka fasa shi, ƙurarta na shiga jini ta baki da hanci, ta lalata ƙwaƙwalwar yaro, karatu ya gagara.

Hg kuwa zaiba ce, wato makuri. Akwai ta a dogon ƙwan fitila da mai lanƙwasa. In ya fashe, a buɗe taga, kowa ya fita na ɗan lokaci, sannan a kwashe da kwali, ba da tsintsiya ba.

Hoton kwandon shara da aka soke yana nufin kada a zuba kayan a bola. A kan kayan China kuma mukan ga lamba, kamar 10, cikin da'irar kibiyoyi. Shekarun da ake sa ran gubar ciki ba za ta tsiyayo ba ke nan, idan an yi amfani da kayan yadda ya kamata.

Doka ce ta kawo waɗannan alamomi. A 2006 dokar RoHS ta fara aiki a Tarayyar Turai, ta taƙaita dalma da zaiba da wasu gubobi a kayan lantarki. A Najeriya, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, hukumar SON kuma tana tantance ingancin kayan da ake shigowa da su.

Amma jami'in hukuma ba ya shiga kowane tsakar gida. Don haka aiki ya dawo kanmu. Kada mu fasa batir don ciro dalma mu sayar wa 'yan gwangwan. Kada mu ƙona waya don neman jan ƙarfe. Mataccen batir a mayar wa mai shago a canza, kuma kafin nan a ajiye shi nesa da ƙannenmu da kayan abinci. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

In mun koma gida yau, mu juya cajar Baba ko batirin solar Inna, mu karanta musu abin da ke jiki. Rigakafi ya fi magani.