Tafiyar Neman Asali: 'Ya'yan Riƙo Suna Komawa Koriya Tare Da Iyayen Da Suka Rene Su

A kowace shekara, musamman cikin watannin Yuni da Yuli, lokacin da makarantun Amurka da na Turai suke hutu, ma'aikatan filin jirgin sama na Inchon, kusa da birnin Seul, hedkwatar Koriya ta Kudu, sukan karɓi wasu irin baƙi da suka sha bamban da sauran masu yawon buɗe ido. Sai a ga magidanci Bature da maiɗakinsa sun sauko daga jirgi, a tsakaninsu ga saurayi mai kamannin mutanen Koriya sak, amma da zarar ma'aikaci ya yi masa magana da harshen ƙasar sai ya yi zuru, ya waiwayi Turawan nan, domin su ne iyayen da ya sani. A Koriya aka haife shi, aka fita da shi yana jariri, yanzu kuwa iyalin sun yi takakka sun kawo shi ya ga ƙasar da aka yanke masa cibiya.

Wajibi ne tun da fari a bambanta wannan riƙo da wanda aka saba da shi a ƙasar Hausa. Idan gwaggo ko kawu ya ɗauki yaro riƙo, yaron ya san ubansa, da sunansa ake kiransa, kuma ran salla yakan je gaida mahaifiyarsa. A tsarin Turawa kuwa, shari'a takan yanke dangantakar yaro da waɗanda suka haife shi, a ba shi sunan masu riƙonsa, ya gaje su kamar ɗan cikinsu. In har riƙon ya haɗa da ƙetare teku, to, yaro ya rabu da harshensa da ƙasarsa ke nan. Abin da ya rage tsakaninsa da asalinsa shi ne 'yan takardun da wani ma'aikaci ya cika ya sa a fayil ranar da aka karɓe shi. A kan waɗannan takardu ne amfanin tafiyar duka ya rataya.

MAFARIN AL'AMARIN

Yaƙin Koriya, wanda aka gwabza daga 1950 zuwa 1953, ya bar marayu masu ɗimbin yawa, ga kuma yaran da sojojin ƙasashen waje suka haifa da matan ƙasar, waɗanda jama'a suka ƙyamata. A shekara ta 1955 wani manomi daga jihar Oregon ta Amurka, mai suna Harry Holt, da matarsa Bertha, suka ɗauki yara 8 daga Koriya, ban da 6 da suka haifa, bayan da Majalisar Dokokin Amurka ta yi musu doka ta musamman. A 1956 suka kafa ƙungiyar da ke ɗauke da sunansu, daga baya kuma wasu ƙungiyoyi 3 suka shigo aikin da izinin gwamnatin Koriya.

An ƙiyasta cewa yaran da aka fitar daga ƙasar tun daga wancan lokaci sun kai kimanin 200,000. Mafi yawansu Amurka aka kai su, saura kuwa aka rarraba su a Faransa, Suwidin, Denmak, Norwe, Holan, Beljiyam da Ostireliya. Abin lura a nan shi ne, fitar da yaran bai tsaya ba bayan marayun yaƙi sun girma, sai ma ƙaruwa da ya yi, har a shekara ta 1985 kaɗai aka fitar da sama da 8,000. Dalilan sun haɗa da talaucin iyalan da suka kwararo birane neman aiki a masana'antu, da tsangwamar da ake yi wa macen da ta haihu ba aure, da kuma tsarin rajistar iyali wanda ya rataya a kan uba, wanda sai a 2008 aka soke shi. Daɗin daɗawa, gwamnati ta sami sauƙin kuɗin kula da marasa galihu, su kuma ƙungiyoyin suna karɓar kuɗi daga masu ɗaukar yaran. Sai a 1988, da Seul ta karɓi baƙuncin wasannin Olimfik, jaridun ƙasashen waje suka yi ta yi wa Koriya gorin fataucin jarirai, sa'an nan adadin ya fara raguwa sosai.

YADDA TAFIYAR TAKE

Tun cikin shekarun 1970 ƙungiyar Holt ta fara shirya wa waɗanda suka girma ziyarar ƙasar haihuwa, daga baya kuma aka shiga shirya ta iyali, watau yaro da iyayen riƙonsa da 'yan'uwan da suka tashi tare. Tafiyar takan ɗauki kamar mako biyu, kuma jirgi daga Amurka yakan yi awa 12 ko fiye a sama kafin ya sauka.

Kwanakin farko na gane wa ido ne. Akan kai baƙin tsohuwar fadar sarakuna ta Gyeongbok, da kasuwannin Seul, da iyakar da ta raba Kudu da Arewa, wani zirin ƙasa mai tsawon kilomita kusan 250 da faɗin kilomita 4. Wasu sukan shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Busan, birnin tashar jiragen ruwa. Sukan koyi cin shinkafa da tsinke biyu, su ɗanɗana kimchi, watau kabejin da aka tsima da barkono, su koyi rusunawa wajen gaida manya. A garin Paju akwai wani lambu da aka ƙaddamar a 2018 a tsohon barikin sojojin Amurka domin tunawa da yaran da aka fitar. Sunansa Omma Poom, ma'ana ƙirjin uwa.

A cikin waɗannan kwanaki ne al'amura sukan juye wa iyalin. Yaron da ya tashi a ƙauyen Turawa, ko'ina ya shiga ana kallonsa, yau ya saje da jama'a, ba mai waiwayensa. Iyayensa ne suka zama abin kallo. Amma sajewar ta ido ce kurum, domin da ya buɗe baki mai tasi zai gane baƙo ne. Har wa yau, ƙasar da aka gaya masa talauci ne ya sa ta sallama shi, sai ya tarar ta zama ɗaya daga cikin ƙasashe masu arziki, mai ƙera motocin Hyundai da wayoyin Samsung. Wannan kaɗai ya isa ya tayar wa matashi tambayoyi.

RANAR BUƊE FAYIL

Ranar da ta fi kowace nauyi ita ce ta zuwa duba fayil. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a takan zauna da iyalin, da tafinta a gefe, ta buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya: hoton jariri da lambarsa, nauyinsa ranar da aka karɓe shi, irin madarar da yake sha, da wurin da aka ce an same shi, ko ofishin 'yan sanda, ko asibitin haihuwa, ko bakin kasuwa. Mutane da yawa a nan suka fara gane cewa labarinsu iri biyu ne. Takardar Ingilishi da aka aika wa iyayen riƙo ta ce an tsinci yaro, ba a san iyayensa ba, alhali takardar harshen Koriya tana ɗauke da bayanin uwar da ta kawo shi da hannunta.

Daga nan akan nemi uwar goyo, watau matar da ƙungiya ta ba ta jaririn ta rene shi na 'yan watanni kafin a sa shi a jirgi. Da yawa daga cikinsu sun tsufa, wasu sun reni jarirai fiye da yadda za su iya ƙirgawa, amma ga wanda bai sami mahaifiyarsa ba, wannan tsohuwa ita kaɗai ce mai rai da ta san shi a ƙasarsa. Iyalai sukan kawo mata kundin hotuna domin ta ga yadda ya girma. Bayan haka sai a je wurin da fayil ya ambata. Sau da yawa akan tarar an rushe asibitin, an gina dogon bene a gurbinsa, sai dai a tsaya a bakin titi a ɗauki hoto.

SADUWA DA MAHAIFA

Dokar Koriya ba ta yarda a ba ɗan riƙo suna da adireshin waɗanda suka haife shi ba sai da yardarsu. Saboda haka hukuma ce take aika musu da wasiƙa, a zauna jiran amsa. Wata uwar ta yi aure ta haifi wasu 'ya'ya, mijinta bai taɓa jin labarin na fari ba, don haka ko dai ta yi shiru, ko ta yarda a sadu a asirce. Alƙaluman gwamnati da kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya buga a 2024 sun nuna cewa daga cikin mutum kimanin 15,000 da suka nemi taimakon hukuma tun daga 2012, waɗanda suka sadu da danginsu ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Inda takarda ta gaza, gwajin ƙwayoyin halitta yakan taimaka, kuma tun daga 2020 ana iya ba da samfurin gwajin a wasu ofisoshin jakadancin Koriya. Labarin Toby Dawson sananne ne. Ya ɓace a wata kasuwa a Busan yana ɗan shekara 3, aka kai shi gidan marayu, wasu ma'aurata daga jihar Kolorado suka ɗauke shi. Da ya ci lambar tagulla a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a gasar Olimfik ta 2006 a Italiya, hotonsa ya bazu a Koriya, mutane da dama suka ce ɗansu ne. Gwaji ne ya raba gardama, kuma cikin Fabrairu 2007 ya sadu da mahaifinsa a Seul.

Ko an sadu ma, da sauran aiki. Uwa da ɗa suna zaune suna kallon juna, kamanni ɗaya, amma duk abin da za su faɗa sai ya bi ta bakin tafinta. Su ma iyayen riƙo suna da nasu nauyin zuci, domin wasu sukan zo da fargabar kada a raba su da ɗan da suka yi wa ɗawainiya shekara 20. Masu shirya tafiyar sukan shawarce su da su bar yaron ya ja gaba, kada a tilasta masa neman abin da bai shirya ji ba. Ba kowa ne ma yake da wannan buƙata ba. Fleur Pellerin, wadda aka haifa a Seul a 1973, aka kai ta Faransa tana da wata 6, ba ta koma ba sai a 2013, tana ministar gwamnatin Faransa. An yi mata gagarumar tarba, amma ta sha bayyana wa 'yan jarida cewa ita Bafaranshiya take ɗaukar kanta.

RAMIN ƘARYA

Komawar waɗannan mutane ita ce ta sa gwamnati ta fara motsi. A 1998 Shugaba Kim Dae-jung ya gayyaci 29 daga cikinsu zuwa fadarsa ya nemi gafararsu. A 1999 aka ba su izinin zama da aiki a ƙasar, a 2011 kuma aka yarda su mai da ɗan ƙasancinsu ba tare da sun saki na ƙasar da ta rene su ba.

A 2022 wasu da suka girma a Denmak suka jagoranci kai ƙara gaban Hukumar Binciken Gaskiya da Sasantawa ta Koriya. Hukumar ta karɓi koke 367, kuma cikin watan Maris 2025 ta bayyana cewa ta tabbatar da tauye hakki a 56 daga cikinsu, ta ɗora wa gwamnati alhakin sakaci. Ta gano cewa an yi wa yara masu iyaye rajistar marayu domin a hanzarta fitar da su, kuma idan yaron da aka shirya wa takardu ya rasu, ko danginsa suka karɓe shi, akan sa wani a madadinsa, ya tafi da sunan wancan. Mai irin wannan fayil, ko ya zo Koriya sau goma, dangin wani zai yi ta nema. Akwai uwar da 'yarta ta ɓace a 1975, ta shekara 44 tana cigiya, ashe an kai yarinyar Amurka a matsayin marainiya. Gwaji ya haɗa su a 2019, ita kuwa ta kai gwamnati kotu a 2024.

Tun daga Yuli 2025 gwamnati ta karɓe aikin riƙo daga hannun ƙungiyoyi, aka kuma umarci a tattara fayilolin a hannun hukumar kare hakkin yara ta ƙasa. Cikin Oktoba na shekarar, yarjejeniyar Hague ta 1993 game da riƙon yara tsakanin ƙasashe ta fara aiki a Koriya, Shugaba Lee Jae-myung kuma ya nemi gafara a madadin ƙasa.

Kada a ɗauka wannan matsala ta Koriya ce kaɗai. Cikin Oktoba 2007 hukumomin Chadi suka kama ma'aikatan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeshe, suna shirin fita da yara 103 da sunan marayun Darfur ne, alhali bincike ya nuna mafi yawansu suna da uwa ko uba a raye. Da jirgin nan ya tashi, da yanzu waɗannan yara suna cikin masu neman hanyar gida da takardun ƙarya a hannu.

Saboda haka akwai abin tunani a nan ga duk ma'aikacin da ke riƙe da littafin rajista a asibiti, ko gidan marayu, ko ofishin 'yan sanda, ko kotu, da ɗaliban da za su gaje su gobe. Akawun da ya rubuta "an tsince shi" domin ya rage wa kansa aiki bai san cewa bayan shekara 40 wani zai ƙetaro teku da iyalinsa domin karanta wannan layi ba. Sunan wanda ya kawo yaro, da unguwarsu, da ranar da aka kawo shi, rubuta su daidai ba ya cin minti 5, kuma hakkin yaron ne a rubuta, a adana masa har ranar da zai zo tambaya.