Ajiye wayar nan na ɗan lokaci, ka ba hannunka wani aiki

Ƙarfe ɗayan dare, ido ya yi ja, amma yatsa na ta zamiya a kan allon waya. Daga TikTok a faɗa Facebook, daga can a tarar da rigimar da ba ta shafe ka ba. Gari ya waye, kai ya yi nauyi, zuciya a cushe. Matsalar ita ce ruwan bidiyon nan ba ya ƙarewa, shi ya sa ƙwaƙwalwa ba ta samun inda za ta ce "na gama". Abubuwa uku da ake wa kallon na yara ko na tsofaffi suna ba ta wannan hutun.

Na farko wasan haɗa hoto. Wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, shi ya fito da shi a shekarun 1760: ya manna taswira a katako, ya yanyanka ta, don yara su koyi ƙasashe. Yau akwai mai gutsure 500, akwai mai 1,000. Idan kana laluben inda gutsure ɗaya zai shiga, hankalinka na wuri ɗaya, babu sararin tuna wanda ya karanta saƙonka ya ƙi amsawa.

Na biyu ɗinkin bargon ƙyallaye. Matan ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka sun daɗe suna haɗa guntayen tsofaffin tufafi su yi bargo don sanyi, har aikinsu ya kai manyan gidajen adana kayan tarihi. Allura ta shiga, ta fita, numfashi ya daidaita. Duk wanda ya ga masu ɗinkin hula a gindin bishiya ya san irin wannan natsuwar. Ƙyallaye kuwa, je wajen telan unguwarku, buhu guda zai tara miki.

Na uku mage. A wani nazari da aka wallafa a 2019, masu bincike a Jami'ar Jihar Washington sun sa ɗalibai shafa maguna da karnuka na minti 10, sai aka ga sinadarin kotisol, mai hauhawa lokacin damuwa, ya ragu a yawunsu. Sai dai mage amana ce: abinci, tsafta, da allurar rigakafi a wajen likitan dabbobi. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwashe kashinta.

Waɗannan ba sa maye gurbin likita. Idan damuwa ta kai makonni tana hana ka barci ko cin abinci, tafi asibiti. Amma in gajiyar yau da gobe ce, gwada wannan a daren yau: sa waya a caji a wani ɗakin, ka ba hannunka minti 30.