Amsar Wasiƙunku: Me Ya Sa Aka Fi Yi Wa Maƙwabcina Tambayoyi?

Wani mai sauraronmu daga Garo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, ya rubuto cewa wani yaro ya zo ɗaukar bayanan manoma da wayar hannu. Ya daɗe zaune da maƙwabcinsa, amma shi tambaya biyar kacal ya yi masa ya wuce. Yana so ya ji ko wariya aka nuna masa.

To Malam, ba lalle wariya ba ce. Fom ɗin da ake cikawa a waya ko ta intanet yana da mararraba, amsarka ce ke zaɓar hanyar da za a bi da kai. In aka ce, "Kana noman rani?" ka ce i, sai tambayoyin albasa, tumatir da injin ban-ruwa su fito. In ka ce a'a, na'ura ta tsallake su baki ɗaya, shi kansa yaron ba zai gan su ba. A da, a kan takarda ake rubuta wa malamin ƙidaya inda zai tsallaka. A ƙidayar noma ta 2022 kuwa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na'urorin hannu ta yi aikin.

Ga inda gizo ke saƙa. Mutanenmu ba su manta da jangali ba, ko da yake Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a Kano a 1979. Da an ce "Kana da shanu?" sai mutum ya ce babu, alhali ga su a turke. Wannan "babu" ɗin ta rufe duk babin kiwo. Gobe in an ɗauko bayanan don tsara rigakafin dabbobi, an lissafa shi cikin marasa ko akuya.

Ku kuma sakatarorin ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa masu haɗa fom a Google Forms, ku fara kasa shi sashe-sashe: na damina daban, na rani daban, na kiwo daban. Tambayar mararraba ta zama ta zaɓi ɗaya, don wadda ake rubuta amsa da hannu ba ta iya karkata mutum ko'ina. Ku sa ta zama dole. Kada ku tambayi "noma ko kasuwanci?" ba tare da gurbin "duka biyun" ba, domin a ƙasar Gwarzo da Kabo mai gona da damina shi ne mai awo da rani.

Kafin ku tura wa jama'a, ku cike shi da kanku sau uku: a matsayin manomi, a matsayin ɗan kasuwa, sannan mai yin duka biyun.