Sayen talabijin mai araha: ku duba bayansa kafin ku duba fuskarsa

A kasuwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, shagunan kayan lantarki cike suke da talabijin masu shafaffen allo, sababbi da na hannu. Yawancin masu saye kan tsaya ne a kan abu biyu: girma da farashi. Alhali abin da zai nuna ko akwatin zai yi aiki a gida yana rubuce a bayansa ko a jikin kwalinsa.

Me ya sa DVB-T2 ke da muhimmanci?

A shekarar 2006 ne ƙasashen Afirka da Turai suka amince a birnin Janeba cewa za a bar tsohuwar hanyar watsa shirye-shiryen talabijin a koma ta zamani, wadda a nan aka fi sani da TNT. Nijar, kamar sauran ƙasashen UEMOA, ta zaɓi tsarin da ake kira DVB-T2. A cikin kowane talabijin akwai ƴar na'urar da ke karɓar tashoshi daga anten. In na'urar ba ta san wannan tsari ba, akwatin ba zai kama Télé Sahel ko Tal TV ta TNT ba, komai kyan allonsa, sai an sayo masa dekodar daban.

A nan ne masu sayen na hannu ke faɗawa tarko. Talabijin da yawa da ake kawowa daga Faransa suna ɗauke da tambarin TNT HD, mai saye ya ɗauka ya dace. Amma TNT ɗin da aka daɗe ana amfani da shi a Faransa a kan tsarin DVB-T yake, babu lamba 2 a ƙarshe, kuma akwatin da ya tsaya a nan ba ya karanta DVB-T2. Na Amurka kuwa tsarinsu daban ne kwata-kwata, kuma da yawansu wuta mai ƙarfin volt 110 suke sha, ba 220 irin tamu ba. Waɗanda ke shigowa daga Najeriya ba su cika samun wannan matsala ba, tunda ita ma DVB-T2 ta zaɓa, sai dai kan wayar wutarsu yakan zo da ƙafa uku.

Idan kuka ga an rubuta DVB-S2, wannan na parabol ne: zai kama tashoshin tauraron ɗan adam na kyauta ba tare da dekodar ba. Tashoshin biya, irin na Canal+, suna buƙatar nasu dekodar da kuɗin wata.

Girma da wuta

Ana auna allo ne daga kusurwa zuwa kusurwa. Inci 32 ya kai santimita 81, inci 43 kuma kusan 109. Ga ɗaki madaidaici inci 32 ya wadatar, kuma a wannan girma da wuya ido ya bambance HD da Full HD daga nisan mita biyu ko uku. Kada ku ƙara jikkuna saboda rubutun 4K matuƙar tashoshin da kuke kallo ba sa watsa hoto mai wannan inganci. Haka ma Smart TV: in babu intanet mai ƙarfi a gida, kuɗin ya tafi a banza.

Mai amfani da hasken rana ya nemi akwatin da ke aiki kai tsaye da batir mai volt 12, ya kuma duba yawan watt ɗin da aka rubuta a bayansa. Wanda ke kan wutar gari kuma ya ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun ranar saye, domin hawa da saukar wuta na cikin abubuwan da suka fi kashe waɗannan akwatuna.

Gyaran hoto a gida

A shago ana ƙure haske da launi don a ja ido. Da kun kunna a gida, ku zaɓi Mode maison a maimakon Mode magasin, sannan ku fitar da hoton daga Dynamique zuwa Standard ko Cinéma. Da farko zai yi kamar ya dushe, amma nan da nan za ku ga fatar mutane ta dawo launinta na gaskiya.

Wurin da ya fi cancantar kulawa shi ne Rétroéclairage, wato fitilun da ke haska allo daga baya. Barin su a ƙure yana cin wuta, yana ƙara zafi, kuma yana gajarta ransu. Idan suka ƙone ne ake jin murya amma allo ya yi baƙi. Ku rage su zuwa kusan rabi, musamman da dare. Luminosité kuma duhun hoto yake daidaitawa: in ya yi yawa baƙi ya koma toka-toka. Ku sassauta Netteté, don yawansa na sa farin zane a gefen fuskoki. Idan mutane sun fito gajeru masu faɗi, tsohon shiri ne mai siffar 4:3 aka miƙe zuwa 16:9. Ku mayar da Format a kan Auto.

Game da neman tashoshi, ku shiga Recherche automatique ku zaɓi Antenne. Hoton TNT ba ya yin yayyafi irin na da: ko ya fito tas, ko ya riƙa tsayawa yana farfashewa. In haka ta faru, yawanci laifin anten ne ko wayarsa. Ku ɗaga shi sama, ku juya shi wajen da na maƙwabta suka fuskanta.

Kafin ku biya

Kada ku yi cinikin biri a sama. Ku sa mai shago ya jona anten ya nemo tashoshi a gabanku. Ku duba allo da kyau ko akwai ɗigo ko layin da ba ya motsi, ku gwada ramukan HDMI da USB da telekomand. Sannan ku karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar akwatin da tsawon garanti, domin ranar da ya ƙi kamawa ita kaɗai ce shaidarku.