Yadda Kwalejin Amherst Ta Zaɓi Sabuwar Alama

A ƙasar Amurka al'ada ce kowace babbar makaranta ta riƙi wata dabba ko wani mutum ya zama alamarta, kamar yadda akan yi wa jarumi kirari da zaki ko giwa. Da sunan alamar ake kiran 'yan wasan makarantar, ana buga surarta a riguna da tutoci, ran wasa kuma wani ɗalibi yakan yi shigarta ya zaga fili. Mai karatu yana iya ɗaukar wannan abin wasan yara ne. Amma wanda ya yi shekara huɗu ana kiransa da wani suna ba ya son a wayi gari a ce an soke shi, tsofaffin ɗalibai kuwa su ne masu taimakon kwalejojin nan da kuɗi.

An kafa Kwalejin Amherst cikin jihar Massachusetts a shekara ta 1821, ta ci sunan garin da take ciki. Garin kuwa ya ci sunan Lord Jeffery Amherst, shugaban yaƙin Ingila wanda ya karɓi Montreal daga hannun Faransawa a 1760. Shi bai san kwalejin ba, gama ya rasu tun 1797. Duk da haka ɗalibai suka riƙe shi alama tun farkon ƙarni na 20, suna kiran kansu da sunansa, ko da yake hukumar kwalejin ba ta taɓa zartar da haka a rubuce ba.

Abin da ya ɓata sunan shi ne wasiƙun da ya rubuta a 1763, sa'ad da 'yan asalin ƙasar suka tayar wa Ingilishi. A ciki ya goyi bayan a ba su barguna masu ɗauke da cutar agana domin a hallaka su. Cikin watan Nuwamba 2015 ɗalibai suka yi zaman dirshan a ɗakin karatu, cikin bukatunsu har da a bar sunan nan. A watan Janairu 2016 majalisar amintattun kwalejin ta sanar ba za a ƙara amfani da shi ba. Sunan kwalejin kansa ba a taɓa shi ba.

To, soke tsohon suna aikin zama guda ne. Samun sabo shi ya ci fiye da shekara. Da majalisar ta so, da ta zaɓi wata dabba ta aika da takarda. Amma suna irin wannan ba ya kama bakin mutane da umurni, balle ga waɗanda ransu ya riga ya ɓaci. Saboda haka aka naɗa kwamiti wanda ya haɗa ɗalibai, da tsofaffin ɗalibai, da malamai, da ma'aikata, aka buɗe ƙofa kowa ya kawo shawara tare da dalilinsa. Shawarwari sama da 2,000 suka shigo. Har akwai waɗanda suka nemi a ɗauki hamster, wata 'yar dabba mai kama da ɓera, don kawai haruffan sunanta su ne na Amherst in an jujjuya su.

Aikin tankaɗe da rairaya shi ne mai wuya. Aka rage su zuwa 30, sa'an nan zuwa 5: Mawaƙa Mayaƙa, saboda garin ya shahara da masu rubuta waƙa kamar Emily Dickinson da Robert Frost; Shunayya da Fari, watau launukan kwalejin; Shahon Kwari; Kyarketai; da kuma Mamot. Cikin watan Maris 2017 aka jefa ƙuri'a, mutum sama da 9,000 suka shiga, a watan Afrilu aka bayyana Mamot ta ci da kusan rabin ƙuri'un.

Ita mamot wata irin giwa ce ta zamanin da, mai dogayen haure lanƙwasassu, wadda irinta ya ƙare tun shekaru dubbai. Ku lura da dalilin da ya sa ta rinjayi shaho da kyarkeci, waɗanda makarantu da yawa suka riga suka riƙa. A gidan adana kayan tarihi na kwalejin akwai ƙasusuwan mamot a tsaye, waɗanda wani malaminta, Frederick Loomis, ya tono a Florida a 1923. Tsoho da yaro duk sun san ta, sun wuce ta gabanta, ba kuwa wanda ta yi wa laifi.

Sauran wuraren da ke ɗauke da tsohon sunan aka bi su a hankali. Masaukin baƙi na kwalejin, wanda a da ake kira da sunan Lord Jeffery, sai a 2019 ya koma Inn on Boltwood.