Kafin a Zuba Jari, a Tambayi Aljihun Mai Saye

Duk wanda ya daɗe a Adjamé ya san labarin nan, ko da sunan mai shi ya bambanta. Yaro ya yi shekara biyar yana tura amalanke ko yana soya kifi a rumfar garba, ya tara 'yan kuɗinsa, ya ranto wasu, ya saro wani sabon kaya da ya gani a hannun baƙo. Kowa ya ce masa kayan sun yi kyau. Bayan wata uku suna nan jibge a shago, ƙura ta rufe su, mai bashi kuwa yana sallama safe da yamma. Mun ga haka ta faru da wasu daga cikin ɗalibanmu na dā, kuma abin da ciwo.

To, yabo ba ciniki ba ne. Matanmu sun riga mu gane wannan. Dubi yadda ake fitar da anko idan biki ya taso a Treichville. Uwar biki ba ta sayen atamfa turmi hamsin ta zauna jiran tsammani. Ƙyalle ɗaya take yankowa, a zaga da shi gida gida, mai so ta ba da kafin alƙalami, a rubuta sunanta a littafi. In mutum arba'in suka biya, turmi arba'in za a ɗauko wajen dila. In goma ne kawai suka motsa, an gane zanen bai karɓu ba, sai a sake wani tun ba a yi asarar ko dala ba. Ƙungiyoyin da ke son a buga masu zane na musamman a masaƙa irin Uniwax ta Yopougon su ma sai sun haɗa kuɗin mutanensu tukuna. Waɗanda suka ga Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sun san dalilin da ya sa ɗan kasuwa ke tsoron kayan da ba su da mai jira.

Abin da Turawa suka yi shi ne ɗora wannan dabara a kan intanet. A shekarar 2009 aka buɗe Kickstarter a Amurka. Mai sabon abu zai nuna samfurinsa, ya faɗi kuɗin da yake nema da ranar rufewa. In kuɗin ba su cika ba, ba a cirar ko kwabo daga aljihun kowa. A 2012 masu agogon Pebble suka nemi dala 100,000 ta Amurka, mutane wajen 69,000 suka yi alkawarin fiye da dala miliyan 10. Tun ba a ƙera agogon a masana'anta ba an san yana da kasuwa.

Amma fa kada mu ruɗu. Agogon bai isa hannun mutane a lokacin da aka ɗiba ba, kamfanin kuma ya rufe a ƙarshen 2016. Karɓar kuɗi abu ne mai sauƙi, cika alkawari shi ne aikin.

A nan gida hanya ta samu, tunda Orange Money ta fara aiki a Kwaddibuwa tun 2008, kuma yau da wuya ka ga ɗan kasuwar da ba ya karɓar kuɗi ta waya. Mai son fito da kilishi a leda mai tambari, ko sabon ɗinkin yara na Sallah, zai iya yin samfuri ashirin, ya sa farashi na gaskiya, ya ce in mutum ɗari sun biya kafin ƙarshen wata za a yi, in ba su kai ba kowa a mayar masa da nasa. A ajiye kuɗin a hannun dattijo amintacce kamar yadda ake yi wa uwar adashi, kada mai kaya ya taɓa su kafin adadi ya cika.

Inda muke da ja shi ne wajen ƙidaya. Mu mutane ne masu kunya da kara. Kawunka zai biya don kada a ce ya ƙi ɗan ɗan'uwansa, abokan zamanka na bakin masallaci su ma haka, alhali ba mai niyyar saye karo na biyu. Saboda haka a raba littafin gida biyu, dangi da abokai a shafi ɗaya, waɗanda ba su san ka ba a ɗayan. In Bawule ko Jula da ke wucewa ta bakin tasha ya ɗanɗana ya zaro kuɗinsa, shi ne za a fara ƙirgawa.