Mariƙin da bidiyon gyaran tsofaffin kaya ba ya nuna maka

Idan kana cikin masu kwana da waya a hannu irina, ba mamaki ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko YouTube: hannu biyu sanye da safa, ba fuska, ba magana, sai wani tsohon ƙarfe da tsatsa ta cinye. A jiƙa shi, a kankare, a goge, kafin minti takwas ya fito fes kamar yau aka ƙera shi. Ni dai Allah kaɗai ya san datar da na ƙone a kan irinsu a zangon karatun da ya wuce, lokacin da ya kamata a ce littafi ne a gabana.

Wanda ya fi kama ni shi ne gyaran tsohuwar tandar waful ta Amurka. Ga wanda bai san waful ba, ƙullin fulawa ne da ƙwai da madara da ake gasawa tsakanin faifan ƙarfe biyu masu ramuka, ya fito da zanen gida-gida a jikinsa. Ɗan'uwan fanke ne, tandarsa kuma 'yar'uwar tandar waina, sai dai ita tana da murfi kuma ana kifa ta a kan wuta. Bayan na kalli bidiyon nan sun fi ashirin, sai na lura da wani abu. Ƙarfen ana nuna maka aikinsa daki-daki, amma mariƙin katako ɗauke kyamara ake yi, ka ga kawai sabo ya bayyana. Daga baya na gane a nan wahalar take, kuma a jikina na gane.

Bari mu fara da inda abin ya fito. A Turai, musamman Holan da Beljiyam, an daɗe ana gasa waful da wani ƙarfe mai dogayen hannaye kamar awartaki, ana miƙa shi cikin wuta. Hannayen na ƙarfe ne, tsawonsu ne kawai ke raba mai girki da ƙuna. Da murhun ƙarfe na cikin gida ya yaɗu a Amurka, sai tandar ta sauya kama. Ranar 24 ga Agusta 1869 aka ba wani mutumin garin Troy a jihar New York, Cornelius Swartwout, takardar mallakar fasahar tandar da ake ɗorawa a kan murhu ana juyawa, shi ya sa har yau Amurkawa ke bikin ranar waful a wannan rana. Hannu ya gajarta, ya matso kusa da wuta, dole a nemo abin da ba ya ɗaukar zafi. Ƙarfen zubi ya fi katako saurin wuce da zafi sau ɗaruruwa, don haka katako aka nufa.

Kamfanoni biyu ne sunansu ya fi fita a wannan harka: Griswold na garin Erie a Pennsylvania, wanda ya faro tun 1865 aka rufe masana'antarsa a 1957, da Wagner na garin Sidney a Ohio, da aka kafa a 1891. Tandarsu kashi uku ce, faifai biyu da gindin da suke zama a kai. Faifan suna haɗuwa su zama wani ɗan ƙwallo da ke zama cikin gurbi a jikin gindin, shi ke ba da damar a kifa su ba tare da an sauke ba. Lambar da za ka gani a jiki, 7 ko 8 ko 9, ta girman ramin murhu ce. Wasu an yi musu mariƙi na murɗaɗɗiyar waya mai shan iska, wasu na katako. Masu wayar sukan kai yau da mariƙinsu lafiya. Masu katakon kuwa, bayan shekara ɗari, sai dai a yi haƙuri.

Dalili a fili yake. Ƙarfen zubi, in ba faɗuwa ya yi ya fashe ba, zai ga jikokin jikokin mai shi. Katako kuwa kullum yana cikin wahala: zafi ya busar da shi ya tsuke, ruwan wanki ya kumbura shi, maiƙo ya shige shi, gindinsa da ke manne da ƙarfe ya ƙone a hankali har ya zama gawayi. Da ya fara girgiɗi, an shiga haɗari. Ka yi tunanin faifan ƙarfe biyu masu nauyi, sun yi zafi jau, ka zo kifawa mariƙi ya zare a hannunka. Ƙafarka ce a ƙasa.

To masu wannan sana'a da gaske, abu na farko da suke yi shi ne raba katako da ƙarfe kafin komai. Ƙarfen ana tsoma shi cikin ruwan sodar yin sabulu don ta narkar da tsohon maiƙo, ko a cire tsatsa da wutar lantarki cikin ruwa, sannan a shafa mai a gasa shi a zafin da ya haura digiri 200. Babu ɗaya cikin ukun nan da katako zai shiga ya fito da rai. Cirewar ita ma ba wasa ba ce. Wani mariƙin murɗa shi aka yi kamar noti, wani cusa shi aka yi cikin gurbi aka kafe da 'yar ƙusa, wani kuma doguwar sanda ce ta ratsa cikinsa. Sai ka fara gane wanne ne a gabanka. Ƙusar ta yi shekaru da yawa tana tsatsa a wurin, kuma ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Guduma ɗaya ta ganganci ta tsaga gurbin, shi ke nan, domin waldar ƙarfen zubi aiki ne mai wuya kuma tabon ba ya ɓuya. Shi ya sa suke ɗiga man sassauta noti su tafi, gobe su dawo su ƙara. Kwana uku na jira ba ya shiga bidiyon minti takwas.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace nauyi: a ceto tsohon, ko a sassaƙa sabo?

Idan tsagewa kawai ya yi, ana buɗa tsagar a tsaftace, a zuba gam a ɗaure tam har ya bushe. Idan ramin ne ya yi faɗi noti ya daina kamawa, ana toshe shi da guntun katako a sake hudawa. Akwai dabarar da mutane ke yi ta jiƙa mariƙi a ruwa don ya kumbura ya kama, irin yadda ake yi wa ƙotar gatari. Yana kamawa na kwana biyu, amma in ya bushe sai ya fi da girgiɗi, saboda kumburin ya murƙushe naman katakon. Sai kuma maganar samfefa. Baƙin nan da santsin da ke jikin tsohon mariƙi, hannun mutane ne na shekara da shekaru ya bar shi, minti biyar na gurza ya isa ya share shi har abada. Ga wani haɗarin kuma: in mariƙin mai fenti ne, tsohon fenti kan ƙunshi darma, don sai a 1978 Amurka ta hana sa ta a fentin gida, kuma ƙurarta guba ce.

Idan kuwa gindin ya zama gawayi ko ƙwari sun cinye cikin, ba maganar ceto. Sai a nemo katako mai tauri wanda ya bushe sarai, domin ɗanye zai tsuke ya saki ƙarfen tun a girkin farko. A yanko shi yadda jijiyarsa za ta bi tsawon mariƙin. Da yawansu sukan fara huda ramin kafin su ɗora shi a injin da ke juya katako ana sassaƙa, don ramin ya zauna a tsakiya daidai. Da yake faifan biyu ne, sau da yawa mariƙi ɗaya ya tsira, shi ake aunawa a kwaikwayi siffarsa. A ƙarshe a shafa mai da kakin zuma maimakon fenti mai sheƙi, wanda zafi ke tayar masa da ƙuraje. Wani abin da ya ba ni mamaki: tsumman da aka shafa man linsid da shi, in aka dunƙule aka jefa a kwandon shara, yana iya kamawa da wuta da kansa. Shimfiɗa shi ake yi a fili ya bushe.

A nan ne nake da ja da wasu masu bidiyon. Tandar da ke da mariƙinta na asali ta fi daraja a wajen masu tara irin kayan nan, har ƙungiyoyi gare su a Amurka. Saboda haka akwai jarabar a sassaƙa sabo, a shafa masa baƙi, a ɗan ƙona gindinsa, a sa a eBay a yi shiru. Sabon mariƙi ba laifi ba ne, ai gara shi da ƙonannen hannu. Laifin a ɓoye ne. Mu da ake koya mana a aji cewa abin da ka cire daga labari shi ma labari ne, ya kamata mu fi kowa lura da inda aka ɗauke kyamara.

Yanzu ga nawa abin kunyar. Mu ba mu da tandar waful a gida, amma muna da ɗan'uwanta na jini, dutsen guga na gawayi: ƙarfen zubi a ƙasa, mariƙin katako a sama, da ɗan zakaran nan da ke kulle murfi. Da aka yi hutu na je gidan kakata, na tarar da nata a bayan ɗaki ya yi ja da tsatsa. Kaina cike da bidiyo, na sayo soda na kaɗa a bokiti, na jefa shi ciki gaba ɗayansa, ko safar hannu ban sa ba, alhali sodar nan tana cin fata kuma tana iya makantar da mutum. Na so in cire mariƙin, notin ya ƙi motsi, na ce ai ba komai. Bayan kwana uku na ciro shi. Tsatsar tana nan daram, ashe soda maiƙo take ci ba tsatsa ba. Mariƙin kuwa ya yi fari ya yi laushi, kamar raken da aka tauna aka tofar.

Kakata ta juya shi a hannunta ta daɗe ba ta ce komai ba. Ita da ba ta rabuwa da tsokanata, ranar ko murmushi babu. Daga baya ta ce, "Kai maigidan nan nawa, wa ya aike ka?" Sai ta nuna min inda a da akwai ɗan lotsawa a gefen katakon, gurbin babban yatsan marigayi kakana, wanda ya yi shekaru yana guge kayan ɗinkinsa da dutsen. Ni ban ma taɓa lura da wurin ba. Idona yana kan tsatsar, don ita bidiyo ya koya min kallo.

Washegari na kai shi wajen wani masassaƙi a kasuwa, dattijo mai yin ƙotar fartanya da muciya. Bai taɓa jin sunan Griswold ba, amma duk abin da na lissafa a sama ya yi shi a gabana: ya ɗiga baƙin mai a notin ya ce in dawo jibi, ya ƙi wani katako da na nuna don bai gama bushewa ba, ya auna tsohon mariƙin da zare kafin ya kama sassaƙa. Da ya gama ya miƙo min dutsen, sannan ya naɗe ruɓaɓɓen mariƙin a takarda ya ce in mayar wa mai shi.

Dutsen yana aiki yanzu, ƙanwata ta goge kayan makarantarta da shi ranar da aka ɗauke wuta. Tsohon mariƙin kuma yana cikin akwatin kakata, a ƙarƙashin zannuwanta, kuma ta ce kada in ƙara taɓa mata komai a bayan ɗaki sai na tambaya.